Amsoshin Tambayoyinku: Gasar Tsallen Dusar Ƙanƙara ta Garin Brattleboro

MAI GABATARWA: Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako da yawansu sun karkata wuri guda, wato wasan nan na ƙasashen sanyi da mutum ke ɗaura dogayen falankai biyu a ƙafa, waɗanda ake kira siki, ya sulalo daga kan hasumiya, ya tashi kamar shirwa, ya sauka can gindin tudu. Muna tare da malaminmu na fannin wasanni. Malam, barka da war haka. Ga ta farko daga wani direba a Maraɗi. Ya ce ya gani a waya, an ce masa a wani ƙaramin gari ne na Amurka, kuma sun fi shekara ɗari suna yi duk shekara. Wane gari ne, wa ya fara?

MASANI: Barka kadai, Malama, tare da gaisuwa ga masu sauraro. To ɗan'uwa na Maraɗi, ba gari ɗaya ba ne. A arewacin Amurka akwai Ishpeming da Iron Mountain a jihar Michigan, akwai Westby a Wisconsin, akwai Salisbury a Connecticut, kowanne da tudunsa da ranar gasarsa. Bari mu ɗauki Brattleboro. Gari ne a kudancin jihar Vermont, a bakin kogin Connecticut, mutanensa dubu 12 ne da 'yan kai. Duk tsakiyar watan Fabrairu, Asabar da Lahadi, suna gasa a wani tudu da ake kira Harris Hill.

Asalin wasan na Norwe ne. Tsalle na farko da aka auna aka rubuta shi ne na wani hafsan soja, Olaf Rye, a 1808, mita 9 da rabi kacal. Daga baya mutanen lardin Telemark suka gyara shi ya zama sana'a, musamman Sondre Norheim na ƙauyen Morgedal, wanda shi kansa ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1884. 'Yan ci-rani irinsa, masu haƙar ma'adinai da masu saran katako da manoma, su suka kai wasan can. Amma na Brattleboro ɗan gari ne ya kafa shi, Fred Harris. Tun yana ɗalibi a kwalejin Dartmouth ya kafa ƙungiyar wasannin hunturu a 1909, sannan a 1922 ya jagoranci gina tudun garinsu da dala 2,200. A gasar farko, cikin Fabrairun wannan shekara, Bing Anderson ya yi ƙafa 158 da rabi, wajen mita 48. A 1951 aka sa wa tudun sunan Harris, a shekarar da garin ya karɓi gasar ƙasa, 'yan tsalle 168, 'yan kallo wajen dubu 10.

Suna da kofi mai siffar siki da fuka-fuki, kuma dokarsa ita ce sai ka ci sau uku kafin ya zama naka ka tafi da shi gida. Wanda ya fara tafiya da shi Torger Tokle ne a 1942, ɗan Norwe da ya zauna a Amurka, ya shiga soja, aka kashe shi a Italiya a 1945. Ƙaninsa Art Tokle ma ya ɗauka, haka Art Devlin, sai ɗan garin, Hugh Barber, a 1974. Daga baya ɗan Yukren Vladimir Glyvka da ɗan Sulobeniya Blaž Pleško suka shiga sahu. Pleško ɗin ne ya kai mita 104 a tudun a 2017.

Kada ka ɗauka shekara ɗarin nan ta tafi sumul. Bayan gasar 2005 aka rufe wurin saboda hasumiyar katako ta tsufa. Hunturu uku ba a yi ba. Mutanen gari suka yi karo-karo har wajen dala dubu 600, aka gina ta ƙarfe, aka dawo a 2009. A 2021 korona ta hana, a 2022 suka yi bikin cika shekara ɗari.

MAI GABATARWA: Madalla. Wata malamar makaranta daga Zariya kuma ta ce ita abin da ya ɗaure mata kai shi ne, ta yaya mutum zai faɗo daga wannan tsawo, ya yi tafiyar filin ƙwallo guda a iska, ƙafarsa ba ta karye ba?

MASANI: Malama ta Zariya, kyamara ce ke ruɗin ido. Mai ɗaukar hoto yana tsayawa daga ƙasa ya ɗaga kai, sai ki ga mutum da sararin samaniya kawai. A zahiri tsakaninsa da ƙasa yawanci mita 3 ne zuwa 5, domin an sassaƙa tudun ne ya bi hanyar da jikin mutum zai bi a iska. Yana gangarowa, ƙasar ma tana gangarowa a ƙarƙashinsa.

Ga yadda tudun yake daga sama. Da farko magangara, wato hasumiyar da ake ɗaukar gudu, mai karkata wajen digiri 35. Ɗan tsalle yana zama kan wata sanda da aka gindaya, ya saki, ya tsuguna, ƙirji kan cinya, hannuwa a miƙe ta baya. Babu birki, babu juyawa. A tudu irin na Brattleboro yana isa ƙasan magangara da gudun kilomita 85 zuwa 90 a awa. Daga nan sai bakin tashi, wani miƙaƙƙen wuri mai tsawon mita 6 ko kusa da haka. Mutane da yawa suna zaton bakin nan ɗage yake sama kamar tudun da 'yan babur ke hawa su tashi. A'a, ƙasa yake kallo, da wajen digiri 10 zuwa 11. Ba abin da ke cilla mutum sama, ƙarfin cinyarsa ne kawai.

A nan ne duk gasar take. Gudun kilomita 90 a awa mita 25 ne a daƙiƙa ɗaya, saboda haka bakin tashin nan cikin kwatan daƙiƙa ake wuce shi. Wanda ya makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya wuce wurin da mita biyu da rabi, iska zai taka. Wanda ya yi gaggawa kuma ya miƙe tun bai kai baki ba, ƙarfinsa ya tafi a banza.

Bayan baki sai doron tudu, sannan gangaren sauka, mai tsananin karkata, digiri 35 ko fiye kaɗan. Ki ɗauki misalin cafe ƙwai da aka jefo miki. In kin tsayar da hannu cak, ya fashe. In kin bi shi da hannu ƙasa, ya tsira. Gangaren nan shi ne hannun da ke bin mutum ƙasa. A kansa akwai layuka biyu da ya kamata mai kallo ya sani. Layin K, wanda akasari ake shatawa da ja, shi ne inda gangaren ya fara kwantawa. Can ƙasa da shi akwai layin iyakar tudu. Wanda ya wuce wannan, ƙasa ta fara baje masa, saukarsa ta koma irin ta wanda ya diro daga bene. Ƙarshe sai filin tsayawa, inda ake rage gudu, kuma gefensa ne 'yan kallo ke tsayawa da ƙararrawar shanu suna kaɗawa.

A iska, mutum yana kwantawa ne a kan siki, hanci kusan daidai da kawunansu, ya buɗe gabansu ya haɗe bayansu kamar harafin V. Da can jere su ake yi. Wani ɗan Suwidin, Jan Boklöv, shi ya fito da buɗewar a tsakiyar shekarun 1980. Alƙalai suka yi ta rage masa maki wai ba kyan gani, amma nisan da yake yi ya rufe asarar, har ya ci kofin duniya na kakar 1988 zuwa 1989. Kafin 1992 kusan kowa ya bi. Dalili kuwa, buɗewar tana sa jiki da falankai su zama faffaɗan fiffike guda da iska ke tallafa. Duk tafiyar a tudu irin wannan ba ta wuce daƙiƙa huɗu zuwa biyar ba.

MAI GABATARWA: Wato kenan wanda ya fi kowa nisa shi ya ci? Haka wani ɗalibi daga Garwa a Kamaru ya tambaya.

MASANI: Ba lallai ba. Maki iri biyu ake haɗawa, na nisa da na salo. A tudu mai layin K a mita 90, wanda ya sauka daidai kan layin yana da maki 60. Kowace mita da ya ƙara, maki 2. Kowace mita da ya gaza, a cire 2. A manyan tuddai irin na Iron Mountain, mai layin K a mita 120, mita ɗaya maki 1.8 ce. Ana aunawa daga bakin tashi zuwa tsakanin ƙafafunsa a inda ya taɓa ƙasa, kuma da rabin mita ake ƙirga. Yau kyamara ke yi, amma tsohuwar hanya ita ce a jera mutane a gefen gangare, kowa da mitarsa, wanda aka sauka a gabansa ya ɗaga hannu.

Salo kuma alƙalai biyar ne a wani ɗaki da ke gefen tudu, kowa yana farawa da 20 yana ragewa. Suna duban natsuwa a iska, da sauka, da yadda mutum ya fita har ya tsallake layin da aka shata a filin tsayawa. Saukar da ake so sunanta telemark, sunan lardin nan na Norwe: ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, gwiwoyi a lanƙwashe, hannuwa a buɗe. Wanda ya sauka ƙafa biyu a jere, kowane alƙali zai cire masa maki biyu zuwa uku. Faɗuwa kafin layi tana cin har bakwai. Sai a jefar da maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a haɗa ukun tsakiya.

Ɗalibi, ɗauki biro. Na farko ya yi mita 95, maki 70 kenan. Alƙalai sun ba shi 17, 17 da rabi, 18, 18, 18 da rabi. A jefar da na farko da na ƙarshe, saura 53 da rabi. Jimla 123 da rabi. Na biyu ya yi mita 98, maki 76, amma ya sauka a birkice har hannunsa ya shafi ƙasa, ukun tsakiyarsa suka ba da 41 da rabi. Jimla 117 da rabi. Ya fi nisa da mita uku, an ci shi da maki shida. Zagaye biyu ake yi a haɗa. A manyan gasanni, tun wajen 2010, akwai kuma lissafin iska da na matakalar da aka tashi, za mu zo kansa.

MAI GABATARWA: Wannan kuma daga wani dattijo manomi ne a Damagaram. Ya ce shi dai ya san damina takan yi gardama. In shekara ta zo dusar ƙanƙarar ba ta sauka ba, ko ta narke kafin ranar, yaya mutanen garin ke yi? Kuma gwamnati ce ke biyan masu aikin?

MASANI: Baba, ka taɓo inda aikin yake. Tsallen daƙiƙa huɗu ne, shirin tudu makonni. Kuma ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Ƙungiya ce ta 'yan sa-kai, gayya ce tsantsa: mai kanti, malamin makaranta, kafinta, wanda ya yi ritaya. Kuɗin ƙofa da tallafin 'yan kasuwar gari ke ɗaukar nauyin sauran. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da farko a bambance. Dusar ƙanƙara ba ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwan sama tana fasa ganye ba ce. Laushi gare ta kamar gari, in an danne ta sai ta dunƙule. A da, in sama ta hana, a kan kwaso ta da manyan motoci daga inda ta taru, in ba a samu ba a fasa gasar. Yanzu inji ke yin ta. Ana turo ruwa da ƙarfi ta ƙananan kafofi, fanka ta watsa shi sama kamar feshi, ya daskare kafin ya faɗo. Sharaɗinsa sanyi ya kai aƙalla digiri 2 ƙasa da sifili, kuma iska ta zama busasshiya. Shi ya sa da dare ake aikin, don a Vermont daren Fabrairu kan kai digiri 10 ƙasa da sifili. In aka yi garaje aka kunna inji sanyi bai kai ba, ruwa ne zai zuba, ya daskare ya zama gilashi a kan gangare, kuma babu mai iya tsayuwa a kai balle sauka. Ta inji ta fi ta sama nauyi da jure rana, saboda haka ko sama ta ba da tata, masu tudu sun fi so ta inji ta zama ƙasa. Ana tara ta tsibi, a bar ta ta tsane, sannan a baje.

A gangaren sauka ƙa'idar hukumar wasan ta duniya ita ce kaurin ya kai aƙalla santimita 30 bayan an danne. A gefe biyu akwai allunan katako da ke nuna daidai inda fuskar dusar za ta tsaya. Sai a ja igiya daga wannan gefe zuwa wancan, kamar yadda magini ke yi, inda ya yi tudu a kankare, inda ya yi rami a cike. Sannan dannewa. Inda akwai hali, mota mai sarƙa ce ke yi, a ɗaure ta da waya daga sama don kada ta zame. Inda babu, ko inda motar ba ta kaiwa, mutane ne ke jeruwa kafaɗa da kafaɗa su tattake da takalma, sannan su ɗaura siki su sauko a gicciye taki-taki, masu manjagara na bin su. Me ya sa wannan wahala? Saboda wuri ɗaya mai taushi, ko faɗin tabarma ne, in siki ya nutse a ciki da gudun kilomita 90, ƙafa ta tsaya jiki ya wuce.

Magangara ta fi wuya. Ana hawa saman hasumiya da dusar, a kwaɓa ta da ruwa kamar ƙasar gini, a shafe, a bar ta ta kwana ta daskare. Sannan a ja wani inji mai haƙora ya yanka kwari biyu daga sama har baki. Faɗin kowane kwari santimita 13 zuwa 13 da rabi, zurfinsa aƙalla 3, daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan 30 zuwa 33. Siki kuwa faɗinsa bai wuce 11 da rabi ba, to kun ga ɗan sararin da ya rage. In kwarin ya karkace ko da kaɗan, mutum zai iso baki nauyinsa a ƙafa ɗaya, ya tashi a karkace.

Ranar gasa abokan gaba biyu ne. Rana, wadda ke sa kwarin ya jiƙe ya yi ta riƙe siki, don haka ake lulluɓe shi da tamfol har sai an kusa farawa. Gangaren da ya yi laushi kuma akan watsa masa gishiri, ya narkar da fuskar kaɗan ta sake ƙanƙamewa da tauri. Amma sai dusar tana da danshi gishiri ke aiki, a busasshiya asara ce. Na biyu, sabuwar dusa in ta fara zuba ana cikin gasa. Tana taruwa a kwari ta rage gudu, wanda ya zo daga baya ya cutu. Sai ka ga mutane a jere a gefen hasumiya da injin hura iska suna kore ta bayan kowane tsalle. Akwai wata dabara kuma mai sauƙi: ana yayyafa ƙananan rassan bishiyar nan da ake yi wa ado da Kirsimeti a kan gangaren. Ba don kyau ba ne. In gari ya yi lumshi, fari ne sama fari ne ƙasa, ido ba ya gane nisan ƙasa, koren ganyen ne ke gaya wa ɗan tsalle lokacin da zai shirya ƙafa. Kafin a fara kuma, sai an tura masu gwaji biyu ko uku waɗanda ba sa cikin gasa, su share hanya, alƙalai su ga gudun da kwarin ke bayarwa.

MAI GABATARWA: Allah ya ba da lada, aiki ja. Wani tela daga zangon Kumasi ya ce shi rigar ce ta ɗauke masa hankali, ya ga kamar soso. Wane irin yadi ne, kuma gaskiya ne ana korar mutum saboda ɗinki?

MASANI: Gaskiya ne, maigida tela, kuma a nan allurarka ta fi ƙarfin koci. Yadin soso ne a tsakiya da zane ciki da waje, kaurinsa milimita 4 zuwa 6. Dole iska ta riƙa ratsa shi, aƙalla lita 40 a kowace murabba'in mita cikin daƙiƙa, kuma akwai na'urar da ke aunawa. In ba haka ba rigar ta zama lema. Sannan kada ta fi jiki da abin da ya wuce santimita biyu zuwa huɗu. Inda aka fi yin maguɗi shi ne hantsar wando, don in ta sauka ƙasa ko ta yi tauri, ta zama ƙarin fiffike tsakanin cinyoyi. A gasar duniya ta birnin Trondheim na Norwe a watan Maris na 2025, an gano 'yan Norwe sun cusa wani zare mai tauri a ɗinkin wurin. Aka soke sakamakon Marius Lindvik da Johann André Forfang a babban tudu, Lindvik ya rasa azurfar da ya ci, aka dakatar da kocinsu. A ƙasar da ta haifi wasan, kuma a gidansu.

Siki kuma tsawonsa bai wuce kashi 145 cikin ɗari na tsawon mai shi ba. Mai tsawon mita 1.75, nasa zai kai kusan mita biyu da santimita 54. Amma sai nauyinsa ya kai. Ana raba kilo da tsawo sau tsawo a mita, in bai kai 21 ba a rage masa siki. Ga mutumin nan, kilo 64 da ɗan ɗori kenan. An kawo dokar nauyi a 2004 saboda 'yan wasa sun koma horar da kansu da yunwa, tunda marar nauyi ya fi tafiya a iska. Takalmin yana da tsawo ta baya, gabansa kaɗai ke maƙale, diddige na ɗagawa amma da ɗan sanda ko igiya da ke riƙe shi. Sai hular kwano, tabarau, safar hannu, da kakin da ake gogawa a ƙasan siki gwargwadon sanyin ranar.

MAI GABATARWA: Wata ma'aikaciyar jinya daga Kano ta ce a faɗa mata gaskiya, me ke kawo haɗari, kuma wane rauni aka fi samu?

MASANI: Iska ce ta farko, 'yar'uwa, kuma a nan abin juye yake. Iskar da ke bugo mutum ta gaba, tana hawowa tudu, ita ce alheri, don tallafa shi take. Wadda ke bin bayansa danne shi take, ya faɗo da wuri kuma da nauyi. Mafi muni ta gefe, mai zuwa ba sallama, ta ɗaga siki ɗaya ta bar ɗaya. Saboda haka ake kafa tutoci da na'urorin auna iska a gefen gangare. Akwai fitila ja, da rawaya, da kore. In ta yi kore, daƙiƙa 10 gare shi ya saki sanda, amma idonsa na kan kocinsa da ke tsaye kusa da baki, sai ya sauke tuta ko hannu. In iskar gaba ta yi yawa har ana wuce iyakar tudu, alƙalai kan sauko da sandar zama matakala ɗaya ko biyu don gudu ya ragu. Lissafin da na ambata ɗazu shi ne, wanda iska ta taimaka a rage masa maki, wanda ta cuta ko aka rage wa magangara a ƙara masa. In ta ƙi lafawa, a dakata ko a soke zagayen, ko da jama'a sun biya kuɗi suna tsaye cikin sanyi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyu kuskuren baki. Wanda ya zura jiki gaba fiye da kima, iska ta hau kan siki maimakon ƙarƙashi, kawunansu su nutse, ya kifa. Wannan ita ce faɗuwar da ake tsoro. Wanda ya ji tsoro ya ɗaga ƙirji kuma, jikinsa ya zama birki, ya faɗo kan doron tudu, ba rauni amma ba maki. Na uku kayan aiki. A 2016 a tudun Kulm na Ostiriya, ƙafar wani ɗan tsalle, Lukas Müller, ta zame daga takalmi yana iska, ya samu rauni a laka.

Amma raunin yau da kullum gwiwa ce, tsinkewar jijiyar tsakiyarta, yawanci ga wanda ya yi nisa sosai ya sauka inda gangare ya kwanta, ko ya sauka siki a karkace. Sai buguwar kai da karayar ƙashin wuya ko kafaɗa. Faɗuwa da yawa dai zamewa ce, mutum ya sulale a bayansa har ƙasa ya tashi ya kakkaɓe. Duk da haka ba a fara gasa sai motar asibiti da masu agaji suna gindin tudu.

MAI GABATARWA: Ta ƙarshe daga wata matashiya a Gadarif ta Sudan. Mata na yi? Kuma wanda ya tashi a ƙasar zafi zai iya koya?

MASANI: Suna yi, ƙanwata, har a Brattleboro. Sun daɗe suna yi, hukumomi ne suka yi jinkirin buɗe musu ƙofa. Maza sun shiga gasar Olamfik ta hunturu tun ta farko a Chamonix a 1924, mata sai 2014 a Sochi, inda Bajamushiya Carina Vogt ta ci zinare. Kafin nan Ba'amurkiya Lindsey Van ta ci gasar duniya ta mata ta farko a 2009. A watan Maris na 2025, 'yar Sulobeniya Nika Prevc ta yi mita 236 a katafaren tudun Vikersund na Norwe, a wannan watan kuma yayanta Domen ya yi 254 da rabi a na Planica a ƙasarsu. Gida ɗaya.

Koyo kuwa ba zafin ƙasa ne matsala ba, tudu ne da shekaru. Tun 1954 aka fara shimfiɗa tabarmin roba a gangare a Oberhof ta Jamus, a jiƙa su da ruwa, a yi tsalle da rani ba dusa ko ƙwaya. Sai dai babu wanda ke farawa daga mita 90. Yara kan fara da shekara biyar zuwa bakwai a ɗan tudun mita 10, su koma 20, su koma 40, sannan 60 ko 70, kuma koci ba ya matsar da yaro gaba sai ya ga tashinsa da saukarsa sun zauna, abin da kan ci shekaru. Wannan ne ma ya sa ƙungiyoyin ƙananan garuruwan ke riƙe da 'yan tuddai na yara ban da babban. 'Yan Najeriya sun fara zuwa Olamfik ta hunturu a 2018 a Koriya ta Kudu, amma a wasannin keken zamiya ne, waɗanda ɗan tsere kan iya komawa yana babba. Tsalle ba ya karɓar haka. Wanda iyayensa ke zaune kusa da irin wannan tudu, a kai shi tun yana firamare, ƙungiya ce ma kan ara masa siki da takalmi.

MAI GABATARWA: To Malam, mun gode. Masu sauraro, sauran wasiƙun da ba mu kai gare su ba suna nan a ajiye, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.